Me ya haɗa furotin 14-3-3 da dofamin, ya kuma haɗa shi da kansar mama?

Ɗaliba_Harhaɗa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji uku a fannin harhaɗa magunguna, amma tambayar nan ba ta jarrabawa ba ce. An yi wa mahaifiyata tiyatar kansar mama bara, yanzu tana kan tamoksifen. Watan jiya likita ya ƙara mata maganin ciwon damuwa saboda barci ya ƙaurace mata, abinci ma sai an matsa. Ina cikin karatu sai na ci karo da furotin da ake kira 14-3-3. A wuri ɗaya an ce shi ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta haɗa sirotonin da dofamin, sinadaran da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da su. A wani wurin kuma an ce yana yawaita a kansar mama, har ana danganta yawansa da dawowar ciwon. Tun daren jiya hankalina bai kwanta ba. Idan maganin da take sha yana ƙara sirotonin, ba zai ƙara wannan furotin ba, ya zama ana yi wa ciwon ban ruwa? Don Allah wanda ya san abin nan ya fahimtar da ni.

Ummu_Biyar:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Kafin masana su zo, don Allah kada ki ce mata ta bar shan komai tukuna.

Malam_Bayokemistiri:
Amin. 'Yata, kwantar da hankalinki, kin haɗa abubuwa biyu ne waɗanda kowannensu gaskiya ne, amma igiyar da kika ɗaure su da ita babu ita. Bari mu fara daga tushe.

14-3-3 ba ya haɗa sirotonin da kansa, ba ya haɗa dofamin. Aikinsa riƙo ne. Furotin biyu ne suke mannewa su yi siffar tafin hannu biyu da aka haɗa za a ɗebi ruwa, kowane tafi da kwarinsa. Idan ƙwayar halitta tana son ta canza halin wani furotin, sai wani enzaim, wato furotin mai gudanar da aikin sinadarai a jiki, ya liƙa masa fosfet a kan amino asid ɗin da ake kira serin ko tireyonin, kamar an buga masa hatimi. 14-3-3 wannan hatimin yake nema. Da ya gan shi sai ya cafke mai shi. An tabbatar da haka a 1996. Furotin da aka gano yana kamawa sun kai ɗaruruwa.

Biyu daga cikinsu su ne suka dame ki. Tairosin haidiroksiles shi ke mayar da tairosin ya zama L-DOPA, daga nan a sami dofamin, daga dofamin a sami noradirenalin da adirenalin. Tiriftofan haidiroksiles kuma shi ke ɗaukar matakin farko na mayar da tiriftofan ya zama sirotonin. Su biyun nan su ne mashigar da ta fi kowacce matsi a hanyar, gwargwadon saurinsu gwargwadon abin da za a samu. Idan aka buga musu hatimi, 14-3-3 ya riƙe su, hatimin ba ya saurin gogewa, enzaim ɗin ba ya saurin lalacewa, aiki ya ɗore.

To lura da inda ruwan yake gangarawa: daga 14-3-3 zuwa enzaim, daga enzaim zuwa sirotonin. Yawancin magungunan damuwa na yau ba su taɓa wannan hanyar ko kaɗan. A can ƙarshe suke aiki, a 'yar tazarar da ke tsakanin jijiya da jijiya, suna hana jijiyar da ta saki sirotonin ta sake zuƙe shi da wuri.

Sabon_Shiga:
Afuwan Malam, ni sunan ne ya ɗaure min kai. Mene ne 14-3-3? Kwanan wata ne?

Mai_Awon_Jini:
@Sabon_Shiga ba kwanan wata ba ne, lambar wurin zama ce. A 1967 wasu masu bincike biyu, Moore da Perez, suna rarrabe furotin ɗin ƙwaƙwalwar saniya ɗaya bayan ɗaya. Sukan tace su ta wani bututu su tara kashi-kashi, sannan su sa wutar lantarki ta ja kowane kashi a cikin wani kauri na sitaci. Wannan ya fito a kashi na 14, ya tsaya a matsayi na 3.3. Ba su san aikinsa ba a lokacin, sai suka kira shi da inda suka same shi, sunan kuma ya bi shi har yau. Mu da muke aikin ɗakin gwaji mun saba da irin wannan, samfur yakan rayu da lambarsa kafin ya sami suna.

Malam_Bayokemistiri:
Haka ne. Shekara ashirin ya yi ba a san me yake yi ba. Sai a 1987 Ichimura da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa shi ne furotin mai zaburar da waɗancan enzaim biyu. Shi ya sa sunan ƙwayoyin gadonsa ya fara da YWHA: Y alamar tairosin ce, W alamar tiriftofan, sauran haruffan biyu na nufin mai zaburar da haidiroksiles. Wannan sunan ne yake ruɗa ɗalibai. Sai ka ga YWHAZ a takardar bincike kan kansa, ka fassara haruffan, ka ɗauka maganar ƙwaƙwalwa ake yi, alhali sunan aikin farko da aka gano ne kawai ya liƙe masa.

Ɗan_Aji_Huɗu:
Mu an koya mana iri tara ne a jikin mutum: alfa, bita, gama, delta da sauransu.

Mai_Awon_Jini:
Bakwai ne ɗan'uwa: bita, gama, efsilon, eta, sigma, tau da zita. Alfa da delta da farko an ɗauka daban suke, daga baya aka gane bita da zita ne ɗauke da fosfet.

Ɗan_Aji_Huɗu:
Na gode Yaya, na gyara a littafina.

Likitar_Kansa:
Ƙanwata @Ɗaliba_Harhaɗa, na karanta saƙonki sau biyu. Abin da Malam ya faɗa daidai ne, ni kuma ga abin da ya fi damuna a aikace. Akwai tambaya ta gaskiya tsakanin tamoksifen da wasu magungunan damuwa, amma a hanta take, ba ruwanta da 14-3-3. Tamoksifen sai hanta ta sarrafa shi ya koma wani sinadari mai suna endoksifen kafin ya yi cikakken ƙarfi, kuma enzaim ɗin CYP2D6 ne kan gaba a wannan aikin. Faroksetin da fuluwoksetin suna danne wannan enzaim sosai. Benlafaksin da sitalofiram ba su cika taɓa shi ba. Binciken da aka yi a kan marasa lafiya bai zo da murya ɗaya ba game da ko hakan yana ƙara dawowar ciwo, amma tunda akwai zaɓi, da yawanmu mukan kauce wa masu danne shi. Ki duba sunan da ke jikin kwalin. Ko wanne ne, kada a yanke shi rana ɗaya, domin yanke irin waɗannan magunguna farat ɗaya yana jawo jiri, tashin zuciya da rashin barci. A koma wurin likitan da ya rubuta, a zauna a yi magana.

Baban_Ɗalibai:
Ni dai ina ganin duk tushen abin damuwa ce. Yayata ta yi shekaru cikin baƙin ciki bayan rasuwar mijinta, ba a jima ba aka gano mata kansa. Tunda ga furotin ɗaya yana aiki a ɓangaren tunani da ɓangaren ciwon, ai ga hujja nan.

Ummu_Biyar:
Baba, Allah ya jiƙan mijinta, ita kuma ya ba ta sauƙi. Amma wannan maganar tana yi wa masu ciwon nauyi ƙwarai. Ni na yi jinyar ƙanwata wata takwas. Abin da ya fi sa ta kuka ba allurar kemo ba ce, masu zuwa dubiya ne da suke ce mata ita ta sa wa kanta da yawan tunani. Mutum yana fama da ciwo, a kuma ɗora masa laifin kamuwa da shi.

Likitar_Kansa:
Baba, da girmamawa, hujjar ba ta kai nan ba. Gaskiya ne a gwajin ɓeraye an ga noradirenalin, wanda jiki ke saki lokacin firgici da matsi, yana iya taimaka wa ƙari ya tsiro da sababbin hanyoyin jini. Amma manyan binciken da suka bi dubban mutane shekara da shekaru ba su nuna cewa baƙin ciki shi ke haifar da kansa ba. Kasancewar furotin ɗaya a wurare biyu ba ya nufin wuri ɗaya ne ke jan ɗayan. 14-3-3 yana cikin fata, yana cikin hanta, yana cikin jini, har a cikin yis da itatuwa akwai shi.

Baban_Ɗalibai:
Na ji, Likita. Ummu, ki yafe ni, ban yi nufin ɗora wa kowa laifi ba. Abin ne ya daɗe yana ci mini rai.

Mai_Nazarin_Ƙwaya:
Bari in shigo ta ɓangaren kansar, tunda a kansa nake aikin digirina na biyu, kuma har yanzu ba a taɓo shi sosai ba.

Kowace ƙwayar halitta tana da hanyar kashe kanta idan ta lalace. Ɗaya daga cikin masu kunna wannan hanyar furotin ne da ake kira BAD. A 1996 ɗakin binciken Stanley Korsmeyer ya nuna cewa idan saƙon "ci gaba da rayuwa" ya iso, ana buga wa BAD fosfet, 14-3-3 ya kama shi ya tsare, ya kasa isa inda zai yi aikinsa. A lafiyayyar ƙwaya wannan alheri ne, da babu shi da jijiyoyin ƙwaƙwalwa sun riƙa mutuwa ba dalili. A ƙwayar kansa kuwa enzaim mai buga hatimin, wato Akt, yakan kasance a kunne dare da rana. Kullum BAD a tsare, ƙwayar da ta kamata ta mutu ta ƙi mutuwa. Haka yake yi wa furotin ɗin FOXO, ya fitar da su daga cibiyar ƙwaya inda za su kunna ƙwayoyin gadon tsayar da girma.

Amma shi wannan riƙon dai shi ne yake kare mu a wani wurin. Idan DNA ya sami rauni, ana buga wa Cdc25C hatimi, 14-3-3 ya riƙe shi, ƙwayar ta dakata ba za ta rabu biyu ba sai an yi gyara. An nuna wannan a 1997. A shekarar kuma ɗakin binciken Bert Vogelstein a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ya gano cewa p53, furotin da ke lalace a kusan rabin kansar 'yan Adam, yana umartar a haɗa nau'in sigma domin a taka wa rabuwar ƙwaya burki. A 2000 aka ba da rahoton cewa a yawancin kansar mama da aka duba an toshe ƙwayar gadon sigma, an lulluɓe ta da sinadarin metil har ba a iya karanta ta.

Saboda haka a ƙari ɗaya za ka iya samun sigma ya yi ƙasa, zita ya yi sama. Wanda ƙanwarmu ta karanta a kansa zita ne. Ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom na 8, a yankin da ƙwayoyin kansar mama suka saba ninkawa. Yawan nasa daga cikin ƙarin yake tasowa, ba daga ƙwaƙwalwa ake aiko shi ba.

Sabon_Shiga:
To kenan sigma ne na kirki, zita ne mugu?

Mai_Nazarin_Ƙwaya:
Da haka ne da aikinmu ya yi sauƙi. A kansar fankiriyas sigma yawaita yake yi, ba raguwa ba, haka ma a wani nau'in kansar huhu. Zita kuma ƙwaƙwalwa tana buƙatarsa. Misalin da ya fi burge ni shi ne BRAF, furotin da ƙwayar gadonsa ke sauyawa a kusan rabin kansar fata ta melanoma. A 2019 aka ɗauki hoton siffarsa da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da tsananin sanyi. Sai aka ga idan 14-3-3 ya sa tafukansa biyu a kan BRAF guda ɗaya, yana ƙulle shi ne, ba motsi. Idan kuma ya riƙe BRAF biyu, ɗaya a kowane tafi, yana haɗa su ne su kunna juna. Mai kullewa shi ne mai buɗewa, bambancin kawai ina aka buga hatimin.

Nas_Ta_Dare:
Ni a takardar gwajin ruwan laka na fara ganin lambar nan. Wani dattijo aka kawo mana, cikin 'yan watanni ya manta sunayen 'ya'yansa, tafiya ta gagara, jiki yana fizga. Likitan jijiya ya sa a nemi 14-3-3. Na ɗauka kansa ake zargi.

Mai_Awon_Jini:
A'a Anti, cutar Kuroizfel-Yakob ake nema, wadda furotin ɗin firiyon ke jawowa. Tun 1996 ake amfani da gwajin. 14-3-3 yana da yawa ƙwarai a ƙwaƙwalwa, kusan kashi 1 cikin 100 na furotin ɗinta masu narkewa, to idan jijiyoyi suna mutuwa da sauri sai ya tsiyaya cikin ruwan laka. Shaida ce ta ɓarna, ba shi ya yi ɓarnar ba. Shi ya sa shanyewar ɓarin jiki ko kumburin ƙwaƙwalwa ma kan sa a gan shi. Yanzu an fi dogara da gwajin RT-QuIC, wanda ke neman gurɓataccen firiyon ɗin kansa.

Nas_Ta_Dare:
Allah sarki. Bai kai wata biyu ba ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Mai_Lambu:
Ku ba ni dama in faɗi abin da ya shafi fannina, ilimin tsirrai na karanta. Akwai wani fangas da ke kama itatuwan almon da fic, yana fitar da guba mai suna fusikoksin. Gubar tana shiga tsakanin 14-3-3 da famfon da ke buɗe ƙananan ƙofofin ganye, ta manne su kamar gam. Ƙofofin su kasa rufewa, ruwa ya ƙare, ganye ya yi yaushi. Na yi mamaki da na ji masu neman maganin kansa suna nazarin wannan gubar.

Mai_Nazarin_Ƙwaya:
@Mai_Lambu ka taɓo inda ake yi yanzu. Da farko tunanin shi ne a toshe kwarin 14-3-3 gaba ɗaya. An ƙera ƙananan furotin irin su R18 da difofen da ke yin haka, kuma a kwanon gwaji suna sa ƙwayoyin kansa su mutu. Matsalar ita ce kwarin kusan iri ɗaya ne a duk nau'i bakwai, kuma ɗaruruwan furotin ke shiga cikinsa. Ka toshe shi, ka saki BAD, amma ka saki Cdc25C, ka saki tairosin haidiroksiles, ka saki kowa. Fusikoksin ya nuna wata hanya: maimakon a raba, a manne 14-3-3 da abokin hulɗa guda ɗaya tak wanda ake son a tsare. A 2013 aka nuna yana iya ƙarfafa riƙon da 14-3-3 ke yi wa mai karɓar saƙon estirojin, wanda shi ne tamoksifen ke nema ya danne. Masu bincike a Eindhoven ta ƙasar Holand sun yi nisa a wannan fanni. Har yanzu dai a matakin bincike yake, babu maganin kansa da aka amince da shi wanda 14-3-3 ne abin harinsa.

Likitar_Kansa:
Tunda taken zaren ya haɗa sinadaran jijiya da kansa, akwai inda suke haɗuwa a fili, a asibiti muke ganinsa. Wasu ƙari su ne suke haɗa sinadaran da kansu. Fiyokuromosaitoma yana fitowa a ƙullin da ke saman ƙoda, yana zubo adirenalin da noradirenalin, mutum ya riƙa samun hawan jini na farat ɗaya da gumi da bugun zuciya. Akwai maganin metairosin da ke danne tairosin haidiroksiles saboda shi. Wasu ƙari na hanji kuma sirotonin suke zubowa, su jawo gudawa mai tsanani da jan fuska, kuma a 2017 Amurka ta amince da telotiristat mai danne tiriftofan haidiroksiles domin gudawar. A yara masu ƙarin jijiya da ake kira niyurobilastoma, a fitsari muke neman ragowar dofamin da noradirenalin. A duk ukun ƙarin ne ke ƙera sinadarin.

Ɗan_Aji_Huɗu:
Sirotonin a hanji kuma? Na ɗauka na ƙwaƙwalwa ne kaɗai.

Malam_Bayokemistiri:
Kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jiki a hanji ake haɗa shi. Enzaim ɗin ma biyu ne, TPH1 a hanji, TPH2 a ƙwaƙwalwa, wannan na biyun sai a 2003 aka gano shi. Kuma tunda Mama matsalar barci ce ta fara kai ta, ga wani abu da nake son koya wa ɗalibaina. Daga sirotonin ake haɗa melatonin, sinadarin da ke gaya wa jiki dare ya yi. Da duhu ya shiga, a wani ɗan ƙulli a tsakiyar ƙwaƙwalwa ana buga wa enzaim ɗin AANAT hatimi, 14-3-3 ya rungume shi ya hana a narkar da shi, melatonin ya hau. Haske ya bugi ido, hatimin ya goge, a sake shi, cikin mintoci a rushe shi. Duk daren duniya wannan riƙon yana faruwa a kan kowannenmu.

Ɗaliba_Harhaɗa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba kwalin, benlafaksin ne. Yau na raka ta asibiti na yi wa likitan tambayar da Anti @Likitar_Kansa ta nuna mini. Ya ce da saninsa ya zaɓe shi saboda tamoksifen ɗin, kuma yana rage mata zafin jikin nan da ke taso mata da dare. Jiya ta yi barci har asuba. Saura abu ɗaya da yake mini yawo a kai. Idan yawan zita yana tafiya da dawowar ciwo, me ya sa ba a auna mata shi ba? A takardar sakamakonta ER da PR da HER2 kawai na gani, sai Ki-67.

Likitar_Kansa:
Alhamdu lillahi, na ji daɗin wannan labari. Waɗanda kika gani ana auna su ne domin kowanne yana canza shawara: ER, wato mai karɓar saƙon estirojin, ya nuna a ba da tamoksifen ko makamancinsa, HER2 ya nuna a ba da tirastuzumab. Zita ko an same shi da yawa, maganin da za a ba ta bai canza ba, shi ya sa bai shiga gwajin yau da kullum ba.

Mai_Nazarin_Ƙwaya:
Ni a nan ina da ɗan ja, Likita. An ga yawan zita yana tafiya da ƙin jin tamoksifen a wasu binciken, kuma idan aka rage shi a ƙwayoyin kansa a kwanon gwaji sukan fi jin magani. Ina ganin ya cancanci a gwada shi a manyan bincike, ko don a san wa za a fi sa wa ido.

Likitar_Kansa:
Ban ƙi a gwada ba, ƙanena, ina ma a yi. Amma alamomi da yawa sun yi kyau a kwano suka kasa a jikin mutane. Kuma yankin kuromosom na 8 da ka ambata ba zita kaɗai ke wurin ba, MYC mai ingiza girman ƙwaya ma yana can gaba kaɗan, sau da yawa tare ake ninka su. Sai an rarrabe wanne ke tuƙi, wanne aka ɗauko a hanya.

Mai_Nazarin_Ƙwaya:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ainihin abin da nake ƙoƙarin rarrabewa a aikina. Ina da layin ƙwayoyi biyu, ɗaya na rage masa zita na bar MYC yadda yake, ɗayan na yi akasin haka. Sati uku ke nan ina renon su, ranar Litinin zan sa musu tamoksifen.

Sabon_Shiga:
Allah ya ba da sa'a Yaya. Malam @Malam_Bayokemistiri, ni kuma maganar melatonin ce ta tsaya mini. Hasken waya da dare ya isa ya sa a saki enzaim ɗin, ko sai haske mai ƙarfi?